Me ya sa raunin gefe guda na laka yake shafar ƙafafu biyu ta hanyoyi daban?

Ɗalibar Jinya ta rubuta:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwana. Ina karatun aikin jinya, kuma a darasin laka akwai abubuwa uku da na haddace amma ban gane dalilinsu ba. Na farko, an koya mana cewa idan rauni ya yanke rabin laka na dama a tsakiyar baya, ƙafar dama ce za ta shanye, amma ƙafar hagu ce za ta daina jin raɗaɗi da zafi da sanyi. Ta yaya rauni guda a gefe guda zai raba ɓarnarsa tsakanin ƙafafu biyu? Na biyu, idan laka ta yanke gaba ɗaya har umarnin ƙwaƙwalwa ba ya isa ƙafa, me ya sa ƙafar take harbawa idan likita ya ƙwanƙwasa ƙasan gwiwa, wani lokaci ma fiye da ta mai lafiya? Na uku, ta yaya ake soka allura a gadon baya don ɗibar ruwa ko kashe jiki kafin tiyata ba tare da an taɓa lakar ba? Ina roƙon duk wanda ya san abin ya warware mini shi dalla-dalla, Allah ya saka da alheri.

Malamin Ilimin Jiki ya amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Tambayarki ta farko ita ce ƙofar fahimtar laka baki ɗayanta, don haka a kanta zan tsaya, amma sai na fara da 'yar shimfiɗa.

Laka tana farawa ne daga babbar kafar da ke gindin ƙoƙon kai, inda take haɗe da ɓangaren ƙwaƙwalwa na can ƙasa da ake kira medula, sannan ta gangaro ta cikin ramin da ƙasusuwan baya suka kewaye. Tsawonta a jikin namiji babba kusan santimita 45 ne, na mace ya ɗan gaza haka, kaurinta kuwa bai wuce santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Jijiyoyi 31 ne suke fitowa ta kowane gefe nata: 8 a wuya, 12 a ƙirji, 5 a ƙugu, 5 a faffaɗan ƙashin kwankwaso, da guda ɗaya a ɗan ƙashin ƙarshe na can ƙasa. Duk yankin laka da jijiyar dama da ta hagu suka fito daga gare shi ana lissafa shi sashe guda, kuma da waɗannan sassan ne likitoci suke faɗin inda rauni yake.

Idan aka yanka laka a gicciye, za a ga tsakiyarta ruwan toka ce mai siffar harafin H, fari kuma ya kewaye ta. A cikin tokar ne ƙwayoyin jijiya suke zaune suna miƙa wa juna saƙo, farin kuwa dogayen zaruruwa ne masu hawa da masu sauka, waɗanda wani kitse mai suna mayalin ya lulluɓe domin saƙo ya yi gudu. Kowace jijiya tana manne da laka ta saiwa biyu. Ta saiwar baya saƙon ji yake shigowa daga fata da gaɓoɓi, ta saiwar gaba kuma umarnin motsi yake fita zuwa tsoka. Charles Bell ne ya fara nuni ga wannan rabon aiki a shekarar 1811, sannan Bafaranshe François Magendie ya tabbatar da shi da gwaji a kan dabbobi a 1822.

Yanzu sai mu zo kan hanyoyin. Guda uku ne suka shafi tambayarki, kuma dukansu suna tsallakawa daga gefe guda na jiki zuwa wancan, sai dai ba a wuri ɗaya suke tsallakawar ba. Wannan bambancin shi ne amsar gaba ɗaya.

Hanya ta farko ita ce ta motsin ganin dama. Tana tasowa daga ɓawon ƙwaƙwalwa da zaruruwa kusan miliyan ɗaya a kowane gefe, kuma mafi yawansu, kimanin kashi 80 zuwa 90 cikin 100, suna tsallakawa tun a ƙasan medula kafin su shiga laka. Saboda haka kusan duk zaren motsi da kika tarar a gefen dama na laka ya riga ya gama tsallakawarsa, kuma tsokar dama zai je. Wannan ne ma ya sa wanda jini ya toshe masa a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa ɓarin jikinsa na dama yake shanyewa.

Hanya ta biyu ita ce ke ɗauke da labarin inda gaɓa take, da jin girgiza, da taɓawa mai tantancewa irin wadda ke sa mutum ya gane abin da ke tafin hannunsa idonsa a rufe. Saƙonta yana shigowa ta saiwar baya, ya haye sama ta farin bayan laka a gefen da ya shigo, ba ya tsallakawa sai ya kai medula.

Hanya ta uku, ta raɗaɗi da zafi da sanyi, ita ce ta saɓa wa 'yan'uwanta. Saƙonta yana shigowa ya miƙa wa wata ƙwaya a ƙahon baya na tokar, wato reshen harafin H da ke fuskantar baya, ita kuma nan take zarenta ya tsallaka ta gaban tsakiyar laka, cikin sashe ɗaya ko biyu daga inda saƙon ya shigo, sannan ya haye sama ta ɗaya gefen har zuwa talamus, wato tashar da ke tattara saƙonnin ji a tsakiyar ƙwaƙwalwa.

To ki ɗauka an yanke rabin dama a tsakiyar baya, ki tambayi kanki abin da ke wucewa ta nan. Umarnin motsi ne mai zuwa ƙafar dama, don haka ita za ta shanye. Labarin matsayin gaɓa ne daga ƙafar dama wanda bai tsallaka ba tukuna, don haka mutumin ba zai san ko yatsan ƙafarsa ta dama sama yake kallo ko ƙasa ba sai ya duba. Sai kuma saƙon raɗaɗi da zafi, wanda ba na dama ba ne, na ƙafar hagu ne da ya tsallako tun daga ƙasa. Shi ya sa ƙafar hagu take motsi lafiya lau amma a tsire ta da allura ba ta ji. Likita Brown-Séquard ne ya bayyana wannan yanayin a tsakiyar ƙarni na 19, kuma da sunansa ake kiransa har yau.

Da wannan ma'aunin za ki iya warware wasu cututtukan da kanki. Akwai cutar da rami mai ruwa yake buɗewa a tsakiyar laka, galibi a wuya, ya katse zaruruwan raɗaɗi daidai inda suke tsallakawa, sai mutum ya riƙa ƙona hannuwansa biyu bai sani ba alhali yana jin taɓawa. Ƙarancin bitamin B12 kuma yana cin farin bayan laka, sai mutum ya iya tafiya da rana domin ido yana taimakonsa, amma cikin duhu ya riƙa tangaɗi. Idan kuwa jijiyar jinin da ke gaban laka ta toshe, wadda ita ke shayar da kusan kashi biyu cikin uku na laka, motsi da jin raɗaɗi za su tafi amma sanin matsayin gaɓa ya saura. A ganina ɗalibin da ya riƙe inda kowace hanya take tsallakawa ya fi wanda ya haddace sunayen cututtuka ashirin.

Mai Gashin Ƙashi ya amsa:

Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ƙari ɗaya zan yi a kan bayaninsa kafin in shiga tambaya ta biyu: da wuya a ga rauni ya raba laka biyu daidai kamar yadda littafi ya zana, domin sukar wuƙa ko karayar ƙashi ba ta bin layi, don haka abin da aka fi gani shi ne alamomin sun gauraya, gefe guda ya fi rauni wajen motsi, ɗayan ya fi rauni wajen jin raɗaɗi. Kada 'yar'uwa ta je ɗakin marasa lafiya tana jiran hoton littafi cif-cif.

Game da harbawar ƙafa, abin da ya kamata a gane shi ne laka ba hanyar wucewa ce kawai ba, tana yanke wasu hukunce-hukunce da kanta ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba. Idan aka bugi agarar da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa, tsokar gaban cinya tana ɗan miƙewa, sai wasu ƙananan masu jin miƙewa da ke cikin tsokar su aika saƙo ta saiwar baya zuwa sashe na 2 zuwa na 4 na ƙugu. A can zaren yake haɗuwa kai tsaye da ƙwayar motsi da ke ƙahon gaba, ita kuma ta umarci tsokar ta tsuke, a lokaci guda kuma wani reshe ya sa tsokar bayan cinya ta saki domin kada ta yi gardama. Zagayen gaba ɗaya a ƙasa yake, don haka raunin da ke sama da shi bai taɓa shi ba. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, su suka shigar da wannan gwajin cikin aikin asibiti a 1875.

Haka abin yake idan mutum ya taka ƙusa. Laka ce take ɗage ƙafar da aka soka, kuma ita ce take ƙarfafa ɗaya ƙafar domin ta ɗauki nauyin jiki, duk kafin mutum ya san abin da ya same shi. Zaruruwa masu kauri da mayalin ya lulluɓe suna kai saƙo da gudun da ya kai mita 120 a daƙiƙa, sirara marasa lulluɓi kuwa, waɗanda ke ɗauke da zugin da ke biyo baya, kimanin mita ɗaya suke yi a daƙiƙa. Charles Sherrington na Ingila ya yi shekaru yana nazarin waɗannan zagaye-zagayen, kuma ya sami kyautar Nobel a 1932.

Dalilin da ya sa harbawar take wuce kima shi ne da yawa daga cikin saƙonnin da ƙwaƙwalwa ke aikowa ƙasa na tausasawa ne da ja da baya. Da farko bayan rauni komai yakan mutu murus, ƙafa ta yi laushi na kwanaki ko makonni, amma daga baya zagayen ƙasa ya farfaɗo babu mai riƙe shi, sai tsoka ta sandare, ƙafa ta riƙa fizga, kuma idan aka karci tafin ƙafa babban yatsa ya ɗaga sama maimakon ya lanƙwashe ƙasa, alamar da Babinski ya bayyana a 1896. Ki kwatanta wannan da shan inna, wadda ƙwayar cutarta take kashe ƙwayoyin motsi na ƙahon gaba su kansu. A nan zagayen ne ya karye, don haka ƙafa takan yi laƙwas, tsoka ta tsotse, bugun gwiwa ba ya harbawa, amma jin taɓawa da raɗaɗi yana nan daram.

Wannan batu yana da nauyi a wurina saboda iyalan majinyata. Sau da yawa sukan ga ƙafar ɗan'uwansu ta motsa su yi murna cewa sauƙi ya zo, kuma wajibi ne ma'aikaci ya yi musu bayani cikin tausayi cewa motsin da ake nema shi ne wanda majinyaci ya yi da nufinsa lokacin da aka ce ya yi. Ki kuma riƙe wasu alamomin tsayi, za su yi miki amfani kullum: fatar da ke daidai kan nono ta sashe na 4 na ƙirji ce, ta cibiya ta sashe na 10, tantanin numfashi da ya raba ƙirji da ciki yana karɓar umarni daga sashe na 3 zuwa na 5 na wuya, mafitsara da dubura kuma daga sashe na 2 zuwa na 4 na kwankwaso. Shi ya sa raunin can saman wuya yake iya tsayar da numfashi, kuma kusan kowane babban rauni, a ko'ina yake, yana shafar riƙon fitsari.

Ma'aikaciyar Ɗakin Tiyata ta amsa:

'Yar'uwa, amsar tambayarki ta uku gajeriya ce: inda ake soka allurar babu laka a wurin. A jikin babba laka tana ƙarewa ne daidai ƙashin ƙugu na 1 ko na 2. Lokacin da ɗan tayi yake wata uku laka tana cika ramin har ƙasa, amma ƙashi ya fi ta saurin girma, sai ya bar ta a sama, ta yadda a ranar haihuwa ƙarshenta yana wajen ƙashin ƙugu na 3. Saiwoyin ƙasa kuwa dole su ci gaba da fita ta kafofinsu na asali, don haka suka yi tsawo suka zubo a dunƙule, abin da ake kira wutsiyar doki. Tantani uku ne suka lulluɓe laka, kuma tsakanin na tsakiya da na ciki akwai ruwa garai-garai wanda ya kewaye ta da ƙwaƙwalwa, kimanin mililita 150 a lokaci guda, jiki kuma yana samar da kusan 500 a kowace rana yana sabunta shi. Muna laluben saman ƙasusuwan kwatangwalo biyu, layin da ya haɗa su yana bi ta wajen ƙashin ƙugu na 4, sai a shiga ta tsakanin na 3 da na 4 ko na 4 da na 5, inda saiwoyin suke yawo cikin ruwa suna kauce wa allura. Heinrich Quincke ne ya fara ɗibar ruwan ta wannan hanyar a 1891, kuma da ita ake tabbatar da sanƙarau har yanzu, August Bier kuma ya fara kashe jiki da ita don tiyata a 1898.

Ki lura da abu ɗaya game da wutsiyar doki. Idan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa ya fito ya danne ta, mai ciwon baya ya fara jin tsakanin cinyoyinsa da duwawunsa sun mutu, ko fitsari ya ƙi fita, wannan ba ciwon jira ba ne, a kai shi asibiti a ranar.

Ɗalibar Jinya ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai malamaina, yanzu na ga yadda abubuwan suke haɗe. Saura tambaya ɗaya da bayanin ya haifar mini. An ce jijiyar hannu idan ta yanke aka ɗinke ta tana iya tsirowa, to me ya hana laka yin haka, alhali duk zaruruwan jijiya ne?

Likitan Jijiyoyi ya amsa:

Gaskiya ne Malama, jijiyar hannu ko ta ƙafa tana tsirowa kimanin milimita ɗaya a rana, domin ƙwayoyin da suka lulluɓe ta suna share tarkacen da ya mutu su jera kansu su yi wa sabon zaren jagora. A cikin laka lamarin ya sha bamban. Ƙwayoyin da ke tallafa mata suna gina tabo mai kauri a wurin raunin, mayalin ɗinta yana ɗauke da sinadaran da ke hana zare tsiro, kuma ƙwayoyin jijiyar babba ba su da ƙarfin girma irin na ɗan tayi. A 1981 Albert Aguayo da abokin aikinsa a Kanada sun dasa guntun jijiyar waje a lakar ɓera, sai zaruruwan laka suka tsira suka shiga cikinsa da nisa, abin da ya nuna cewa muhallin ne babban cikas. Bincike yana ci gaba a kan haka, amma har yanzu babu maganin da ke haɗa lakar da ta yanke, kuma duk wanda ya yi wa iyali alƙawarin haka yana cutar da su ne.

Sai dai kada a ɗauka kowane rauni yankewa ne. Mafi yawanci laka ƙujewa take yi ko dannuwa, kuma wasu zaruruwa suna tsira. Shi ya sa muke gwada ji da motsi a kewayen dubura, domin sassan kwankwaso su ne na ƙarshe, kuma idan saƙonsu yana wucewa to hanyar ba ta toshe duka ba, fatan samun sauƙi kuma ya fi yawa, galibi a cikin watanni shida zuwa shekara ta farko. Haka nan tarin fuka na ƙashin baya, wanda Percivall Pott ya bayyana a 1779, danne laka yake yi, kuma mutane da yawa suna miƙewa idan an fara magani da wuri. Kulawar jinya ma ta sauya komai. Kafin Ludwig Guttmann ya buɗe sashensa a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, yawancin masu wannan rauni gyambon kwanciya da cutar mafitsara ne suke kashe su, shi kuwa ya nuna cewa juya majinyaci a kai a kai da kula da fitsarinsa suna ba shi shekaru masu yawa. Wannan aikinki ne kai tsaye.

Abu na ƙarshe shi ne ɓarnar ba ta ƙarewa a lokacin haɗari. Kumburi da ƙarancin jini suna ci gaba da kashe ƙwayoyi na awanni da kwanaki, ƙashin da ya karye kuma yana iya gocewa ya yanke abin da ya saura idan aka ɗauki mutum ba daidai ba. Duk wanda ya yi haɗarin mota ko ya faɗo daga sama yana kukan wuya ko baya, ko yana jin gaɓoɓinsa sun mutu, kada a zaunar da shi, kada a ja shi ta hannu da ƙafa, sai in barinsa a wurin ya fi haɗari. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su juya shi gaba ɗaya lokaci guda a kan abu mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗe, a tafi da shi asibitin da ke iya ɗaukar hoton ƙashin baya.